Haƙƙin Ɗan Haya Daga Ranar Notis Zuwa Ranar Miƙa Makulli

Mutane da yawa daga cikin mazauna manyan biranen Nijeriya, irin su Legas da Abuja da Kano da Fatakwal da Ibadan, a gidajen haya suke zaune. Kusan kowannensu kuwa akwai ranar da za ta zo a miƙa masa takarda, ko a aiko masa da saƙo ta waya, cewa mai gida yana bukatar gidansa. Abin da ya fi cutar da ɗan haya a wannan rana shi ne firgita. Wani ya kwashi iyalinsa ya kai su gidan dangi tun wa'adi bai zo ba. Wani ya ci bashi ya biya dillalin da bai sani ba kuɗin gidan da bai gani ba. Wani kuma ya yi fushi ya daina biyan haya, ya jawo wa kansa abin da ya fi na farko muni. Dukansu uku rashin sanin doka ne ya kai su ga haka, domin doka ta ba ɗan haya lokacin neman wani mazauni, ta kuma hana kowa fitar da shi sai da umurnin kotu. Amma wannan kariya tana da sharuɗɗa, wanda ya yi sakaci da su kuwa yana iya rasa ta.

Kowace jiha da dokarta

Sha'anin haya a hannun jihohi yake, saboda haka babu doka guda da ta game ƙasa duka. Babban Birnin Tarayya, Abuja, yana da tasa dokar ta karɓar gida daga hannun ɗan haya, wadda ke cikin kundin dokokin Tarayya na 1990. Jihar Legas ta yi sabuwar Dokar Haya a 2011, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, ko da yake an keɓe unguwanni huɗu daga cikinta, watau Apapa da Ikoyi da Victoria Island da unguwar GRA ta Ikeja. A 2025 Majalisar Dokokin jihar ta soma duba wani sabon ƙuduri don ya maye gurbinta, don haka mazaunin Legas ya kyautu ya tambayi lauya ko akawun kotu kafin ya dogara da adadin tara ko na watanni. Duk da bambancin da ke tsakanin dokokin jihohi, tafarkin da suka shimfiɗa kusan ɗaya ne: notis na farko, sa'an nan notis na kwana 7, sa'an nan kotu.

Notis da tsawonsa

Abu na farko da ɗan haya zai yi idan notis ya iso shi ne ya ɗauko takardar yarjejeniyar da ya sa wa hannu ran da ya shiga gidan. Idan an rubuta tsawon notis a cikinta, to abin da aka rubuta shi ne abin bi, ko da ya gaza wanda doka ta ambata. Sai in yarjejeniya ta yi shiru, ko kuwa da baki kawai aka yi ta, sa'an nan a koma ga ƙa'idar doka. A Abuja ƙa'idar ita ce: mai hayar mako-mako a ba shi mako 1, mai hayar wata-wata a ba shi wata 1, mai biya duk bayan wata uku a ba shi wata 3, mai hayar shekara-shekara kuwa a ba shi wata 6. Dokar Legas ta 2011 ta zo da irin wannan, ta kuma ƙara da cewa mai biya duk rabin shekara wata 3 za a ba shi.

Alal misali, a ce ma'aikaci ne yana hayar shekara-shekara a Abuja, shekararsa tana somawa ran 1 ga Janairu, yarjejeniya kuma ba ta ce kome a kan notis ba. Sai ga takarda cikin watan Nuwamba cewa ya tashi a ƙarshen Disamba. Wannan notis ya gaza, domin ko wata biyu bai cika ba, alhali kuwa shida doka ta ce. Abin da ya dace shi ne ma'aikacin ya karɓi takardar, ya rubuta ranar da ta iso, ya mayar da amsa a rubuce cikin ladabi yana nuna gazawar. Ƙin karɓar notis ba ya amfana masa kome.

Akwai tarko guda biyu a nan. Na ɗaya, yarjejeniyoyi da yawa na zamanin nan ana rubuta su ne a kan ƙayyadadden lokaci, kamar a ce shekara ɗaya tak daga rana kaza zuwa rana kaza. Irin wannan haya da kanta take ƙarewa idan ranar ta zo, ba sai an ba da notis na wata 6 ba. Na kwana 7 kaɗai ya rage. Mutane da yawa ba su lura da wannan jimla sai ranar da ta cije su. Na biyu, bashin haya yana zubar da haƙƙin notis. A dokar Legas ta 2011, mai hayar wata-wata da ake bin sa bashin wata 6 hayarsa ta faɗi, kotu kuma tana iya ba mai gida gidansa tare da hukuncin a biya shi bashinsa.

Babu mai fitarwa sai kotu

Cikar wa'adin notis ba ta ba mai gida ikon fitar da kowa ba. Idan ɗan haya bai tashi ba, sai mai gida ya ba shi takarda ta biyu, ta kwana 7, wadda ke sanar da shi niyyar kai ƙara. Bayan nan sai a shigar da ƙara, a kawo masa sammaci. Lalle ne ya halarci zaman kotu, domin wanda ya ƙi zuwa a bayan idonsa za a yanke hukunci, wanda ya zo kuwa yana iya bayyana halin da yake ciki ya roƙi alƙali ya sa ranar tashi da zai iya cikawa. Ko bayan hukunci ma, ma'aikatan kotu ne ke zartarwa.

Saboda haka cire ƙofa, ko kware rufin ɗaki, ko yanke wuta da ruwa, ko garƙame gida da kwaɗo, ko hayar 'yan daba su watsar da kaya a titi, duk ɗaukar doka a hannu ne. Dokar Legas ta 2011 ta sa wa mai yin haka tarar da za ta iya kai Naira 250,000 ko ɗaurin da zai iya kai wata 6, a ko'ina kuma cikin ƙasar nan ɗan haya yana da ikon neman diyya a kotu. Wannan ƙa'ida ba ta bar kowa ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da gwamnatin soja ta Jihar Legas saboda ta tura jami'ai da makamai sun fitar da Cif Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali maganar tana gaban kotu. Abin da aka hana gwamnati, ba za a halatta wa mai gida mai ɗaki goma ba.

Haka nan ba aikin 'yan sanda ba ne karɓar bashin haya ko fitar da ɗan haya. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum don saɓa yarjejeniya kawai. Inda 'yan sanda ke shiga shi ne in an yi duka, ko barazana, ko ɓarnar dukiya. Wanda aka yi wa irin wannan, kada ya rama. Ya ɗauki hotuna, ya nemi shaidu daga maƙwabta, ya kai rahoto, sa'an nan ya nemi lauya. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya tuntuɓi Hukumar Ba da Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976, tana kuma da ofisoshi a jihohi.

Ya wajaba kuma a faɗi ɗaya gefen. A da, 'yan haya sukan fake da ɗan kuskure a cikin notis su ja shari'a shekara da shekaru. A 2021, cikin shari'ar kamfanin Pillars, wadda ta shafe fiye da shekara 20 a kotuna, Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ta Kotun Ƙoli ta bayyana cewa shigar da ƙarar da kanta ta isa ta sanar da ɗan haya cewa ana son gidan, kuskuren notis kuma ba zai zama mafaka ba. Lokacin da doka ta bayar na neman gida ne. Wanda ya mai da shi na jan ƙafa yana tara wa kansa bashi, domin kowace rana da ya ƙara bayan ƙarewar haya sai kotu ta sa ya biya kuɗin zamanta.

Zama da mai kula da gida

A manyan gidaje masu ɓangarori da yawa, sau da yawa ɗan haya bai taɓa ganin mai gidan ba. Wakili yake gani, ko lauya, ko kamfanin da ke kula da ginin. Wakili ba shi da ikon da ya wuce na wanda ya wakilta shi, kuma ba laifi ba ne ɗan haya ya nemi ganin shaidar wakilcin kafin ya biya kuɗi ko ya amince da wani sabon sharaɗi.

Yawancin rigima da masu kula da gida a kan kuɗin hidima take, watau abin da ake karɓa don gadi da shara da man janareta da gyaran famfo. Dokar Legas ta 2011 ta ce a ba da rasit na dabam a kan irin wannan kuɗi da kuma kuɗin ajiya na gyaran ɓarna, ɗan haya kuma yana da haƙƙin a ba shi lissafi a rubuce aƙalla duk bayan wata 6 na yadda aka kashe su. Ta hana mai gida ƙwace kayan ɗan haya ko hana shi amfani da abubuwan da aka yi tarayya a kansu. Ta kuma ba ɗan haya damar kai ƙara idan an yi masa ƙarin haya da ya wuce hankali, ba a kuwa fitar da shi muddin ƙarar tana gaban kotu. A inda doka ba ta faɗi haka filla-filla ba, neman rasit da lissafi abu ne da kowane mai biya ya cancanta.

A watannin neman gida, ɗan haya ya ci gaba da biyan abin da ke kansa, ta banki in da hali, domin shaidar banki ba ta ɓata. Idan mai gida ya ƙi karɓa don ya mai da shi mai bashi, ya ajiye kuɗin, ya rubuta wasiƙa yana nuna ranar da ya kawo aka ƙi. Idan ana son kawo masu duba gida, a sanar da shi tun da wuri, a zo da rana, shi kuma kada ya hana. Idan ya ga wa'adi zai cika bai sami wuri ba, gara ya nemi ƙarin wata ɗaya ko biyu tun da sauran lokaci, a rubuta abin da aka shirya, kowa ya sa hannu. Alkawarin baka na mai kula da gida yakan tafi tare da shi ran da aka canja shi. In magana ta ƙi daidaita, akwai wuraren sulhu: Cibiyar Sasanta Jama'a ta Legas tana yin wannan aiki kyauta, manyan kotunan Legas da Abuja da Kano kuma suna da zaurukan sulhu.

Neman sabon gida

Hausawa na cewa sauri ya haifi nawa. 'Yan damfara sun san mai notis a hannu a matse yake, shi ya sa sukan nuna gida guda ga mutum goma su karɓi kuɗin kowa. Kada a biya ko kwabo sai an shiga gidan an gani, an gana da mai shi ko wakilinsa na haƙiƙa, an kuma tambayi waɗanda ke zaune a ciki ko maƙwabta. A Legas akwai hukumar LASRERA da ke yi wa dillalan gidaje rajista. A tambayi kuɗin dillali da na lauya da na ajiya tun kafin a yi nisa, domin idan aka haɗa su da hayar shekara sukan zama kaya mai nauyi. A duba mita ko akwai tsohon bashin wuta a kanta, a tambayi halin ruwan sha, a dubi gindin bango ko akwai alamar ambaliyar damina.

Dokar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da hayar shekara 1 daga sabon ɗan haya, da tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 3. Kowa ya san ba ta hana wasu masu gidaje neman ta shekara biyu ba, saboda ƙarancin gidaje. Abin lura shi ne hanin ya haɗa har da ɗan hayan da ya bayar.

Kafin a sa hannu, a karanta yarjejeniya layi-layi, wanda bai iya Turanci ba kuwa ya sami amintacce ya fassara masa. A nemi jimlar da ta yi magana a kan notis, da wadda ta ce wa zai yi gyara, da wadda ta faɗi yadda za a mayar da kuɗin ajiya.

Ranar tashi daga tsohon gida, a kira mai gida ko wakilinsa a zagaya ɗakuna tare. Tsufan fenti da lalacewar da yau da gobe ke kawowa ba a kan ɗan haya suke ba. Abin da ya fasa ko ya karya shi ne nasa. A ɗauki hoton kowane ɗaki da na mita, a biya kuɗin wuta da na shara, a yi lissafin abin da za a cire daga kuɗin ajiya da abin da za a mayar. Sa'an nan a miƙa makullai hannu da hannu, a karɓi takarda mai kwanan wata da sa hannu, domin muddin makulli yana hannun ɗan haya ana iya cewa bai tashi ba, a ci gaba da lissafa masa haya.