Madubin tsohuwar mota

Wani direba yana jigila daga Tawa zuwa Tebaram da tsohuwar Peugeot 404, irin wadda aka fara ƙerawa a 1960. Madubinsa na hagu ya fashe. A Nijar ta hagu ake wuce mota. In babu madubi, yaya zai ga mai tahowa?

Madubi iri biyu ne. Shimfiɗaɗɗe yana nuna nisa daidai. Mai doro yana nuna fili da yawa, amma na kusa sai ya zama kamar na nesa.

Direba ya zaɓi shimfiɗaɗɗe. Ya ɗaure shi tam saboda gargadar hanya. Ya zauna, yaron mota yana juya madubin, har hanya ta fito sarai.

Tambaya: Don me ya zaɓi shimfiɗaɗɗe?