Ɗana Ya Daina Cewa Amin



Ni uwar 'ya'ya uku ce a Tsohon Birnin Gwari. Lokacin girbin masara 'yan bindiga suka ɗauke maigidana a gona. Muka sayar da amfanin gona da babur, dangi suka yi karo-karo, aka kai kuɗin fansa. Kuɗin sun karɓa, shi kuwa bai dawo ba.

Tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga a Nuwamban 2024, Gwamna Uba Sani ya zo ya karɓi tubabbu aka buɗe kara, mun samu sauƙi, har gona muna zuwa. Amma babban ɗana mai shekara 11 ya bi kawunsa kasuwa, ya ga waɗanda ake cewa sun tuba suna cinikin shanu, suna shan shayi hankali kwance. Da ya dawo sai ya ce, "Mama, a makarantar Lahadi an ce Allah nagari ne, mai adalci. To ina adalcin?" Na daka masa tsawa. Yanzu in muna addu'ar dare ba ya rufe ido, ba ya cewa amin, ƙannensa ma sun fara kwaikwayonsa. Yaya zan yi?

Wata uwa, Tsohon Birnin Gwari

'Yata, Ubangiji ya ta'azantar da ke.

Ki fara janye tsawar nan, yaron bai yi saɓo ba. Da irin kukansa annabi Habakuk ya buɗe littafinsa, Asaf kuma a Zabura 73 saura kaɗan ƙafarsa ta zame don ganin mugaye suna ƙiba. Ki buɗe wuraren nan ki ba shi ya karanta da bakinsa, ya ga ba shi ne farau ba.

Mu iyaye da malaman Lahadi mun saba koya wa yara nagartar Allah kamar ciniki: ka yi biyayya, ba abin da zai same ka. Ranar da babura suka fito daga daji, wannan koyarwar ta rushe. Kada kuma ki sallame shi da "haka Allah ya so". Mutane ne suka ɗauki bindiga, abin da suka yi mugunta ne, kuma Allah yana ƙinta. Ki faɗa masa haka ɓaro-ɓaro. Sulhun nan na hukuma ne, don jini ya daina zuba a koma gona, ni ma ina addu'a ya ɗore. Amma zama a kara da kofin shayi ba shi ne shari'ar Allah ba. Ita tana nan, kowa zai amsa.

Sai ku ɗauki labarin Yusufu, Farawa 37 zuwa 45, kaɗan-kaɗan kowane dare. Yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Kada ki yi gaggawar kai shi fada; ki bar yaron ya daɗe tare da Yusufu a rijiya da kurkuku, ya yi ta tambaya. Ki nuna masa kuma Yusufu bai rungume 'yan'uwan nan ranar farko ba, sai da ya gwada su da ƙoƙon azurfa a buhun Biliyaminu. Ke ma kada ki matsa masa ya yafe yau-yau.

Nagartar Allah kuwa, a shekarunsa a hannun mutane zai fi gane ta. Ku zauna ku ambaci waɗanda suka sa hannu a kuɗin fansa ɗaya bayan ɗaya, da matan Zumunta da suka kawo mudun dawa, da maƙwabta Musulmi da suka zo gaisuwa, don wahalar Birnin Gwari ba ta tambayi addinin kowa ba. Ku gode dominsu a addu'a.

Batun amin, ki ƙyale shi, idonsa a buɗe ma yana ji. Ki roƙi kawunsa ko wani dattijon ikilisiya ya riƙa zuwa gona da shi suna hira. In kuwa yana firgita cikin barci ko ya koma fitsarin kwance, ki kai shi asibiti a duba shi.