Yadda Ake Zama Mai Raba Ƙwallo: Daga Filin Makaranta a Damagaram Zuwa Ƙungiyoyin Waje

A cikin ƴan wasa biyar da ƙungiya ke sawa a filin ƙwallon kwando, akwai ɗaya da ƙwallo ta fi daɗewa a hannunsa. Shi ke ɗauko ta daga baya, shi ke ɗaga yatsa ya kira tsarin da za a bi, shi ke zaɓen wanda zai jefa. Shi ne lamba ɗaya, mai raba ƙwallo, kuma sau da yawa shi ne mafi gajarta a fili. Muggsy Bogues mita 1.60 ne kacal, amma ya yi kaka 14 a gasar NBA ta Amurka. Don haka yaron Birni ko Zango ko Garin Malam da Allah bai ba shi tsawon mita biyu ba, yana da gurbinsa.

Sai dai gurbin ba ya zuwa a arha. Dogo yana iya fara wasa a makare ya kai gaci. Hakeem Olajuwon ya taso da ƙwallon ƙafa da ta hannu, sai a ƙarshen shekarun 1970 ya shiga gasar kwando a Sakkwato, amma a 1984 shi aka fara zaɓa a NBA. Mai raba ƙwallo ba ya samun wannan rangwame. Gina shi ake yi, mataki bayan mataki.

Mataki na farko: hannu

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga shekara takwas zuwa goma sha biyu, aikin yaro shi ne ya saba da ƙwallo har ya daina kallonta. Ya buga ta a ƙasa da dama, ya buga da hagu, yana tafiya, yana gudu, yana tsayawa cak, kansa a sama. Hannun da ya fi rauni shi za a fi ba lokaci, domin duk mai tsaron da ya san aiki can zai tura shi. Bango abokin atisaye ne: a zana alama da gawayi daidai ƙirji, a yi ta aika ƙwallo, kai tsaye da kuma ta ƙasa.

Jifa kuma daga kusa ake farawa. Kwando yana mita 3.05 daga ƙasa, layin maki uku yana mita 6.75. Ƙaramin yaron da ya nace wa jifa daga can zai riƙa tura ƙwallo da kafaɗa, hannunsa ya karkace, gyara ya yi wuya daga baya.

A yi la'akari da garinmu. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, siminti ya ɗau wuta, saboda haka bayan asuba da bayan la'asar ne lokacin atisaye. A sayi ƙwallon roba, domin siminti cinye ta fata yake yi.

Mataki na biyu: ido da ƙwaƙwalwa

A nan ake rabuwa da masu burge ƴan kallo. Ƙungiya tana da daƙiƙa 24 ta jefa ƙwallo, takwas kuma ta tsallake tsakiyar fili. Dole agogon nan ya zauna a kan lamba ɗaya. Ya san maki nawa ne tsakani, wane ne hannunsa ya yi zafi yau, wane ne a abokan hamayya ya yi laifi huɗu, saura ɗaya a fitar da shi.

Babban darasin shi ne wasan shinge. Dogon ƙungiyarku zai zo ya tsaya ya tare wanda ke tsaronka, sannan ya juya ya nufi kwando. Cikin ƙiftawar ido za ka karanta abin da masu tsaro suka yi. In dogonsu ya ja baya, ka jefa. In su biyu suka rufar maka, to wani naku ya zama babu mai tsaronsa, ka nemo shi. In sun yi musayar mutum, ka ruga da dogon da aka bar maka, ko ka miƙa wa naku da yanzu gajere ke tsaro. Tony Parker ya ci kofin NBA sau huɗu da San Antonio Spurs, kuma wannan karatu da saurin ƙafa su ne jarinsa. Yaro ya sami bidiyon irin waɗannan wasanni a waya, ya riƙa tsayarwa yana tambayar kansa: da ni ne, ina zan aika?

Masu neman ƴan wasa suna auna lamba ɗaya da sikeli mai sauƙi: ƙwallo nawa ya bayar aka ci, nawa ya zubar. In na farko bai ninka na biyu ba, da sauran aiki. Suna kuma duba tsaronsa, domin gajeren da ba ya matsa wa abokin karawa tun daga ƙarshen fili, benci ne makomarsa.

Akwai kuma hali. Damagaram ta san madugu tun zamanin Sarki Tanimun, lokacin da ayari ke tashi ya keta Sahara zuwa Tarabulus. Ba madugu ne ya fi kowa kaya ba, amma shi ya san rijiya, shi ya san lokacin tashi da na zango, kuma in ya ruɗe kowa ya ruɗe. Haka lamba ɗaya yake. Ya iya magana da babbar murya, ya iya rarrashin wanda ya zubar, ya iya ɗaukar faɗan koci ba tare da ya ɓata rai ba.

Mataki na uku: takardu da karatu

Iyaye, wannan naku ne. A ciro wa yaro takardar haihuwa da wuri, da shekarunsa na gaskiya, sunansa kuma ya zama iri ɗaya a takardun makaranta da katin ƙungiya da fasfo. Rage shekaru cuta ce: yau ka ci gasar yara, gobe a gano, ƙofa ta rufe.

Kada a bar makaranta don ƙwallo. Jami'o'in Amurka ba sa ɗaukar ɗan wasa sai da sakamakon sakandare, don haka takardar bak, wato ta kammala sakandare, daga Lise Amadu Kuran Daga tana da nauyi kamar iya jifa. Harshe kuma kayan aiki ne ga wanda zai riƙa ba da umarni a fili. Faransanci yana hannu, sai a ƙara da Ingilishi. A kuma sani, dokar hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta hana sauya wa wanda bai kai shekara 18 ba ƙungiya daga ƙasa zuwa ƙasa, sai a wasu halaye na musamman da izininta.

Mataki na huɗu: a je inda ake gani

Wanda ya fi kowa a Damagaram dole ya nemi waɗanda suka fi shi. Hanya biyu ce. Ta yamma, kusan kilomita 900 zuwa Yamai, inda hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa take, da manyan ƙungiyoyi irin su AS Nigelec wadda ta wakilci Nijar a wasannin share fagen gasar BAL ta ƙungiyoyin Afirka. Ta kudu, Kano ba ta kai kilomita 300 ba. Can Kano Pillars take, wadda ta zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a Alƙahira a 2016. Gaba kaɗan ga Zariya, inda Masai Ujiri ya taso ya koyi wasa, kafin ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019.

A wannan mataki a fara tara shaida. A ɗauki bidiyon cikakken wasa, ba gutsattsarin inda aka burge kawai ba, domin koci yana son ganin abin da ka yi bayan ka zubar da ƙwallo. Sansanonin da ke buɗe ƙofa sanannu ne: Basketball Without Borders da aka fara a Afirka a 2003, da Giants of Africa na Ujiri, da makarantar NBA da ke Senegal. Da cancanta ake zaɓe. Duk wanda ya ce a sayar da gona ko shanu a ba shi kuɗi zai kai yaro Turai gwaji, a guje shi.

Mataki na biyar: tsallake iyaka

Hanyar ba mafarki ba ce, ɗan ƙasarmu ya bi ta. Abdoulaye Harouna, ɗan Yamai, ya yi karatu da wasa a Jami'ar Miami ta jihar Ohayo a Amurka, ya dawo ya sa rigar Nigelec. Da aka buɗe gasar BAL a Kigali a watan Mayun 2021 da ƙungiyoyi 12, sai ga shi da FAP ta Kamaru. A 2022 yana AS Salé ta Maroko, a 2023 yana ABC Fighters ta Abijan, a 2024 yana AS Douanes ta Dakar. Kowace kaka sabuwar ƙasa, sabon koci, sabbin abokai. Haka sana'ar take: kwangila gajera ce, kuma wasan bana shi ke nemo aikin baɗi.

Gasar tana da zafi musamman a gurbin lamba ɗaya. Ƙungiyoyi suna da iyakar baƙin da za su ɗauka, kuma sukan ba Ba'amurke wannan gurbi. Ɗan Nijar zai ƙwace shi ne da tsaro mai tsanani, da ƙarancin zubar da ƙwallo, da jifa daga nesa da ba a iya rainawa.

Mataki na shida: kwangila

Kafin sa hannu, a tabbatar wakilin ɗan wasa yana da lasisin FIBA. A rubuta albashi da ranar biyansa, da masauki, da tikitin zuwa da dawowa, da wanda zai ɗauki nauyin magani in an ji rauni. A sa sharaɗin cewa in rigima ta taso za a je kotun sulhu ta ƙwallon kwando da ke Janeba, domin ita ke tilasta wa ƙungiya biyan haƙƙi. Ba a kuma fara wasa a sabuwar ƙasa sai tsohuwar hukuma ta ba da takardar sallama. A yi wa koci bayanin salla da azumi tun farko, a tsara atisaye da cin abinci a kansu. Kuɗin da aka samu a adana rabi, domin gwiwa ɗaya in ta tafi, aiki ya tsaya.

Duk matakan nan ƴan mata ma suna iya hawa. Ezinne Kalu, mai raba ƙwallon tawagar matan Najeriya, ita aka zaɓa gwarzuwar gasar Afirka a 2019, kuma tana cikin waɗanda suka kai ƙasarsu zagayen kwata fainal a wasannin Olamfik na Faris a 2024.

Matakai huɗu na ƙarshe suna buƙatar hukuma da fasfo da jirgi, amma biyun farko a gida ake yin su, kuma su ne suka fi tsayi. Abin da suke nema bai fi ƙarfin Damagaram ba: fili mai sumul da fitila a kowace babbar makaranta, ƙwallaye, koci mai horo da ake biya, da gasar unguwanni da ake rubuta alƙalumanta. Garin da ke cika filin kokawa maƙil ya san darajar wasa. Ƴan kasuwarmu da magadan gari da tsofaffin ƴan wasa su ɗauki fili ɗaya ɗaya su gyara a bana, su damƙa shi ga malamin da zai tara yara ƴan shekara takwas.