Darasi A Kan Uzurin Masu Kalaman Ƙiyayya

 Darasinmu na yau a kan harshe ne, amma harshen ƙungiya, watau irin ƙungiyoyin nan masu cewa suna yi wa jama'arsu gwagwarmaya a fagen siyasa. In an tuhume su da kalaman ƙiyayya, wace amsa sukan bayar? Kuma yaya za ka auna amsar?

Bari mu ɗauki abin da ya faru a gidanmu. Ran 6 ga watan Yuni, 2017, gamayyar wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka taru a Arewa House, Kaduna, suka ba 'yan ƙabilar Ibo mazauna Arewa wa'adi, su tashi kafin 1 ga Oktoba. Gwamnan Kaduna na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya ba da umurnin a kama su. Mukaddashin Shugaban Ƙasa, Yemi Osinbajo, ya yi ta zama da shugabannin Arewa da na Kudu maso Gabas. Daga baya, ran 24 ga Agusta, matasan suka janye wa'adin a Abuja.

Uzuri na farko da aka ji shi ne, ai su suka fara. Matasan sun ce martani suke mayar wa ƙungiyar IPOB, wadda ta sa aka yi zaman gida ran 30 ga Mayu, kuma shugabanta Nnamdi Kanu ya daɗe yana kiran Nijeriya gidan namun daji a Rediyon Biyafara. Lalle wannan zagi ya faru, ba mu musu. Amma fa ka duba, wa aka ba wa'adi? Mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Garin Kano, wanda watakila bai taɓa zama da Kanu ba. To, ina adalcin kama wani da laifin wani?

Uzuri na biyu, ai ba mu ce a taɓa kowa ba. Gaskiya ne, sun ce ba su kira a yi tashin hankali ba. Sai dai magana zarar bunu ce. Wanda ya sa rana, ya kuma ambaci ƙabila, ba shi ne zai riƙe hannun zauna-gari-banza ran da wa'adi ya cika ba. Kuma Ibo ba su manta da kashe-kashen 1966 ba, da yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Mutumin da maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma gudu yake yi.

Uzuri na uku, ai 'yancinmu ne mu faɗi ra'ayi, kuma ba kowa muke nufi ba. Wannan an ji shi a ƙasar Ruwanda. Gidan rediyon RTLM, wanda ya soma aiki a 1993, ya riƙa kiran 'yan Tutsi kyankyasai. A 1994, cikin kwana wajen 100, aka kashe mutum kimanin 800,000. Da aka gurfanar da Ferdinand Nahimana, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa rediyon, a kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Arusha, sai ɓangarensa ya ce 'yan tawaye masu bindiga ake nufi, ba ƙabila duka ba. Kotu ba ta karɓa ba. A watan Disamba, 2003, ta same shi da laifi, tare da Jean-Bosco Barayagwiza na jam'iyyar CDR da Hassan Ngeze mai jaridar Kangura. Ba muna cewa matasan Kaduna daidai suke da waɗannan ba ne, ko kusa. Abin lura shi ne, mai sauraro ba ya tambayar me ka nufa a zuciyarka, abin da ya shiga kunnensa da shi yake aiki.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ƙungiya ta kare kanta, yi mata tambaya uku. Shin aikin wani mutum ta soka, ko kuwa ta yi wa ƙabila kuɗin goro? Shin in an faɗi wannan magana a kan 'yan'uwanmu masu fatauci a Onica ko Enugu, za mu yarda? Shin da aka nuna mata haɗarin, ta janye a fili, ko ta ce ba a fahimce ta ba ne? Janyewar da aka yi a Abuja abin yabo ce, domin komawa ga gaskiya ba faɗuwa ba ce. Amma wata biyu da rabi na zullumi da iyalai suka yi, wa zai biya su?

Kada ka ɗauka wannan darasi na 'yan siyasa ne kaɗai. Mu ma masu wa'azi lasifika muke riƙewa, kuma ma'aunin nan ya hau kanmu. Suratul Hujurat ta hana mu izgili da jifan juna da munanan laƙubba, ta kuma umurce mu da bincike kafin mu ɗauki labari. Ka soki zalunci da hujja, ka ambaci mai laifi da laifinsa, ka bar danginsa.

Allah Ya tsare mana harsunanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.