Filin Shawara: Ɗan baƙin fallen da ke cikin cok

Ni ɗan koyo ne a shagon gyaran rediyo da kayan sola a Getso, ƙaramar hukumar Gwarzo. An kawo mana na'urar cajin batir ta sola tana tsuwa. Maigidana ya shiga Kano sayo kaya a Sabon Gari, sai na buɗe cok ɗin da kaina. Tsakanin ɓari biyu na baƙin dutsen da aka naɗa wa waya na tarar da wani siririn falle yana kama bakin sukudireba. Na ɗauka datti ne, na kankare shi ya farfashe. Da na haɗa na kunna, nan da nan cok ya ɗau zafi, mosfet ya ƙone. Har yau na kasa faɗa wa maigidana. Abokina ya ce in fasa maganaɗisun sifika in cusa a gurbin. Yaya zan yi?
Ɗan koyo, Getso

Kafin komai, kada ka bi shawarar abokin nan.

Abin da ka kankare maganaɗisu ne, kuma da gangan aka sa shi. Baƙin dutsen nan da ake kira ferait, wanda Yogoro Kato da Takeshi Takei suka ƙirƙiro a Tokyo a 1930, yana da iyakar ƙarfin maganaɗisun da zai iya ɗauka: kusan tesla 0.5 idan da sanyi, ya sauko wajen 0.4 idan zafinsa ya kai digiri 100. Wutar sola hanya ɗaya take bi, saboda haka kullum gefe ɗaya take tura dutsen. Da zarar ya ƙoshi, cok ya daina riƙe wuta, ya koma waya kawai, wutar ta kwarara kan mosfet. Abin da ya faru a hannunka ke nan. Ka haɗa da zafin bazararmu na Afrilu a shago mai rufin kwano, ka ga dutsen bai da wani sarari tun farko.

Yawancin masu ƙera cok gibi kawai suke bari tsakanin ɓarin biyu, su sa takarda ko roba. Wasu kuwa sukan sa ɗan maganaɗisu a gibin, yana fuskantar kishiyar inda wuta ke turawa. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne: maganaɗisun yana jan dutsen baya tun kafin wuta ta shigo, sai tafiyar da zai yi kafin ya ƙoshi ta kusa ninkawa. Ta haka ƙaramin cok ke ɗaukar aikin babba. Tambayi maigidanka, idan ya taɓa gyaran talabijin mai ƙwai, zai tuna ɗan kwayil mai maganaɗisu a kai da ke kusa da filaibak, wanda idan aka juya ƙafafunsa hoto yakan miƙe a gefe guda ya matse a ɗayan. Dabarar ɗaya ce.

Me ya sa fallen ya farfashe da sauƙi? Domin ba curin ƙarfe ba ne. Garin maganaɗisu ne aka kwaɓa da danƙon roba aka matse, kowace ƙwaya danƙo ya raba ta da 'yar'uwarta. Cok yana aiki da wuta mai hawa da sauka sau dubbai a daƙiƙa guda, kuma duk ƙarfen da ke ɗaukar wuta idan ya shiga gibin nan, wutar za ta riƙa kewaya cikinsa ya yi ta zafi. Danƙon ne ke tare wannan. Garin kuma galibi na samariyam da kobalt ne, wanda sai zafi ya wuce digiri 700 yake rasa ƙarfinsa gaba ɗaya, alhali na niyodimiyam yana mutuwa wajen 310, yana kuma soma raunana tun can ƙasa. Kamfanin Tokin na Japan ya yi rajistar irin wannan fasaha a farkon shekarun 2000. Maganaɗisun sifikar da abokinka ya ce ba zai fasu daidai kaurin gibin ba, kuma wutar cok na iya kashe masa ƙarfi. Na cikin faifan ajiyar kwamfuta kuwa curin ƙarfe ne, zafi zai yi. Idan ma ka kifa fuskar maganaɗisun, dutsen zai ƙoshi da wuri fiye da idan babu komai.

Gyaran shi ne a samo cok sukutum daga matacciyar na'ura irinta, a lura da ɗigon da ke nuna ƙafar farko kafin a sa dalma. In ba a samu ba, a naɗa sabo a kan dutsen da ya fi girma, mai gibi, a auna da mita.

Wannan aikin ya fi ƙarfinka kai kaɗai, shi ya sa nake roƙonka ka faɗa wa maigidanka yau. Abin da ya fi damuna shi ne zai canja mosfet, ya sake ƙonewa, ya yi ta asarar kuɗi yana neman cutar da kai ka san inda take, mai kaya kuma yana zarya. Ka same shi bayan sallar la'asar idan shago ya lafa, ka ajiye masa gutsattsarin a tafin hannu, ka ce, "Maigida, ni na cire wannan." Zai yi faɗa, yana da gaskiya. Ka nemi a riƙa cire kuɗin mosfet daga ɗan abin da yake ba ka.

Anti, ɗana ɗan shekara goma yana tara ƙananan maganaɗisu masu ƙyalli daga matattun wayoyi da abin sa wa a kunne, ƙanwarsa mai rarrafe kuma komai baki take kaiwa. Da matsala?
Uwa, Garo, ƙaramar hukumar Kabo

'Yar'uwa, da matsala babba. Waɗannan na niyodimiyam ne, ƙanana amma masu tsananin kamu. Idan yaro ya haɗiye biyu, ko ɗaya tare da wani ƙarfe, sukan kama juna ta bangon hanji su huda shi, kuma da farko yaron yana wasansa lafiya lau. Ki tattara su a gwangwani mai murfi, sama da inda hannunta ke kaiwa, yayan ya riƙa wasa da su a gabanki. Idan kin yi zargin ta haɗiya, kada ki ba ta manja ko wani abin sa amai, kada kuma ki jira ciwon ciki. Ku tafi babban asibitin Gwarzo a take, ki gaya wa likita maganaɗisu ne, a ɗauki hoton cikin.