Waya ba ta zama mai awon fili ba tukuna

Sau uku cikin watan nan ana kawo mini rigimar iyaka iri ɗaya. Ta ƙarshe a wata unguwa ce da ake yankawa a bayan gari. Dillali ya tsaya a kusurwar fili, ya ɗaga waya sama, ya karanto lambobi, yaronsa ya buga turke. Bayan wata biyu mai fulotin ya zo haƙa fandisho, sai ga ramin ya shiga filin maƙwabci da taku biyar. Da na tuhumi dillalin sai ya ce, "Injiniya, ai Turawa sun saki sabon tsari kyauta, yanzu waya ma tana yin aikinku."

Ya tsinci zancen ne a hanya. Tun Janairun 2023 Tarayyar Turai ta buɗe sabis ɗin HAS na taurarin Galileo, wanda ke aiko da bayanan gyara kyauta ta tauraro da ta intanet, kuskure ya ragu zuwa kimanin santimita 20. Amma ta tauraro yana zuwa ne a kan zangon E6, wanda wayar da ke aljihunka ba ta kamawa. Ko na'urar da ke kamawa sai ta zauna mintuna a sarari kafin lissafinta ya nutsu. Waya kuwa takan kauce da mita uku zuwa biyar, alhali faɗin fulotin ƙafa hamsin bai wuce mita 15 da ɗoriya ba. Ka lissafa da kanka.

Wasu kuma NigComSat-1R suke kawo mini hujja. E, a 2020 tauraron nan ya fara watsa siginar gwaji ta tsarin gyara na ASECNA, hukumar zirga-zirgar jiragen sama da Nijar da Chadi da Kamaru ke ciki. Irin EGNOS na Turai ne da WAAS na Amurka. An gina su don jirgi ya sauka lafiya, kuma a gargaɗi matuƙi cikin daƙiƙoƙi idan siginar ta ɓaci. Mita ɗaya ko biyu ta ishe shi. Mai katanga ba ta ishe shi ba.

Inda aka dosa a fili yake: gyara zai ƙara araha, sabon EGNOS zai haɗa GPS da Galileo a kan zango biyu, mai tarakta da mai taswirar gonaki za su more. Amma saurin nutsuwar da ake alkawari a sabis ɗin HAS ya dogara da yawan tashoshin ƙasa, kuma a Turai suke da yawa. Mu ga shi muna kusa da tsakiyar maganaɗisun duniya, inda saman iska ke hargitsa sigina bayan faɗuwar rana. Shi ya sa nake hana yarana awo da magariba, komai matsin mai fili.

Ga gargaɗin da na gaji da maimaitawa. Ko na'urarka ta miliyoyin naira ce, lambobin tauraro ba a kan ma'aunin Minna suke fitowa ba, alhali tsofaffin taswirorinmu a kansa aka zana su. Tazarar ta kai gomomin mita. Na ga masu takardar shaidar aiki sun ɗora wannan kan wancan ba juyi, sun sa hannu, sun buga hatimi. Wannan ganganci ne, kuma magada ne za su kwashe shi a kotu.

Abokan sana'a, aikin iyaka na RTK ne, da tashar tushe a kan sanannen turke ko tasha ta dindindin irin na NIGNET. Kada a rubuta lamba sai na'ura ta tabbatar, a koma a sake auna turke ɗaya kafin a naɗe kaya, a rubuta ma'aunin da aka yi amfani da shi a jikin taswira. Hukumomin filaye na jihohi kuma, kuɗin da kuke karɓa na takardu ya isa ku kafa tashoshi da sola da intanet da ba ya yankewa.

Kai kuma mai sayen fili, idan ka ga an ɗaga waya sama ana kafa turke, riƙe kuɗinka har a kira mai awo mai rajista.