Darasi: Kula da Kwamfutar Ikilisiya a Inda Wuta ba ta Zama

Darasin wannan fitowa ya shafi sakatarorin ikilisiya, da ma'ajin zumuntar mata, da matasan da aka danƙa wa kwamfutar tafi-da-gidanka ta ikilisiya ko ta ƙungiyar adashi. Amma muna roƙon fasto da dattawa su ma su zauna a karanta tare. Kayan na jama'a ne, kuma abin da ke cikinsa ya fi shi tsada: sunayen gwauraye da marayu, lissafin bashin taki, da kuɗin da kowace mace ta zuba a asusu.

Ga abin da ya sa muka ɗauko wannan magana. A wata ranar rabon hatsi, cikin watan Afrilu, sakataren wata gunduma ya kwana yana shigar da sunayen gidajen da za su karɓa. Da gari ya waye ya rufe murfin kwamfutar, ya sa ta a jaka, ya hau babur. Tafiyar ta kai awa uku cikin rana. Da ya iso muka buɗe jakar, sai muka ji ta da zafi kamar an sauke ta daga murhu. Batir ya ƙare sarai. Aka kai ta wurin mai cajin waya, da ta tashi sai ga rabin sunayen babu su. Tsofaffi suka wuni a gindin mangwaro, wasu suka koma gida hannu wofi, sai bayan kwana biyu aka sake rabon. Ba mu ga laifin ɗan'uwan ba. Mu ne muka koya masa buga rubutu, ba mu koya masa yadda ake kwantar da na'urar ba.

Barci, dogon barci, da kashewa

Mu ɗauki misalin shanyar hatsi. Kwamfuta tana da wuri biyu na ajiya. Akwai ƙwaƙwalwar aiki, wadda take kamar tabarmar da ake shanya a kai: duk abin da kake yi yanzu yana kanta, amma da zarar wuta ta ɗauke sai ya watse. Akwai kuma rumbu, inda abin da aka adana yake zama ko da wuta ko babu.

Idan ka rufe murfi, yawancin kwamfutoci suna shiga barci ne, abin da allo yake kira Sleep. Hatsi yana nan a kan tabarma, an bar yaro yana gadi, kuma yaron nan yana cin abinci, wato batir yana raguwa a hankali. Amfaninsa shi ne saurin tashi. Za ka fita ka gai da baƙo, ko za ka je cin abinci ka dawo, barci ya isa. Amma wasu kwamfutoci, musamman na 'yan shekarun nan, sukan farka da kansu cikin jaka su ci gaba da aiki, ga shi babu iskar da za ta sanyaya su. Abin da ya faru da ɗan'uwanmu ke nan. An tsara Windows yadda in batir ya kusa ƙarewa zai kwashe aikin ya adana, amma in batir ya tsufa yakan mutu farat ɗaya kafin a kai ga haka.

Na biyu shi ne dogon barci, allo yana kiransa Hibernate. A nan kwamfuta tana tattara duk abin da ke kan tabarma ta zuba a buhu ta kai rumbu, sa'an nan ta mutu gaba ɗaya, ba ta shan batir. In ka kunna, za ta shimfiɗa maka komai yadda ka bari. Tashinta ya ɗan fi jinkiri. A ganinmu wannan shi ne abokin mutumin ƙauye, kuma abin mamaki, a Windows 10 da Windows 11 yakan zo a ɓoye. Ana fito da shi ta Control Panel, a shiga Power Options, a zaɓi layin da ke maganar abin da maɓallin wuta zai yi. A saman shafin akwai rubutu mai launin shuɗi da ke buɗe saitin da aka kulle. A danna shi, a sa alama a kan Hibernate, a adana. A wannan shafin ne kuma ake zaɓar abin da rufe murfi zai yi. Muna ba da shawara a mai da shi dogon barci idan kwamfuta tana kan batir. Wanda bai gane ba ya kawo ta ranar taron gunduma, aikin minti biyar ne.

Na uku shi ne kashewa, wato Shut down. Za a yi doguwar tafiya, ko za a ajiye ta har mako mai zuwa, a kashe. A jira fitilunta su mutu, fanka ta yi shiru, kafin a sa a jaka. Sai dai akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Tun daga Windows 8, wanda ya fito a 2012, kashewa ba ya share duka, yana ajiye wani sashe don ta yi saurin tashi. Saboda haka in kwamfuta ta fara nauyi ko rikicewa, Restart ne maganin, shi ne yake sa ta fara sabo fil. Ko babu matsala, a yi shi sau ɗaya a mako.

Duk da haka, babu ɗaya cikin ukun da ya maye gurbin adana aiki. Yatsa a kan Ctrl, wani a kan S, bayan kowane suna biyar ko goma. Word yakan ajiye kwafin gaggawa duk minti goma, amma kada a jingina da shi.

Yadda batir zai kai mu yamma

Mun san misalin da Ubangiji ya bayar na 'yan mata goma da fitilunsu. Duka suna da fitila, bambancin yana wurin mai. Haka batir yake, kuma babban mai shan sa shi ne hasken allo. A cikin ɗakin taro ko ofishin fasto, rabin haske ya ishe ka karatu. Wanda ya zauna a waje cikin rana dole ya ƙure haske, don haka a nemi inuwa. Bayan allo sai Wi-Fi da Bluetooth. In ba a kan intanet kake ba, kunna alamar jirgin sama, duka za su mutu lokaci ɗaya. Windows yana da tsarin tsimin batir wanda yakan kama da kansa in caji ya yi ƙasa, a Windows 10 a kashi 20 cikin ɗari. Ba dole ne ka jira ba. Kunna shi tun da safe in ka san babu inda za ka yi caji. A saita allo ya mutu bayan minti uku ko biyar na rashin taɓawa.

Sai maganar da ba a son ji. Cajin waya daga kwamfuta kwashe ruwa ne daga wannan tulu zuwa wancan. Kallon fim ma haka. Ba mu ce laifi ba ne matasa su kalli fim, amma ba daren jajibirin rabon kaya ba, kuma ba da kwamfutar gwauraye ba.

Game da tsawon ran batir, akwai tsohuwar magana cewa sai a bar shi ya mutu ƙurmus kafin a sake caji. Wannan ta tsofaffin batura ce na zamanin da. Na yanzu, masu sinadarin litiyam, hakan yana cutar da su. Sun fi son zama tsakanin kashi 20 da 80. Kamfanoni irin su Lenovo, Dell da ASUS suna da saitin da zai tsai da caji kafin ya cika, kuma yana da kyau ga kwamfutar da ke zaune a kan sola kullum. Za a ajiye ta wata guda ko fiye, kamar lokacin da kowa ya koma gona, a bar ta da rabin caji, a kashe, a sa a wuri mai sanyi. A riƙa dubawa lokaci lokaci.

Babban abokin gāban batir shi ne zafi, mu kuwa Allah ya ba mu shi da yawa. Kada a ɗora kwamfuta a kan katifa ko matashi, domin ta ƙasa take shaƙar iska. Tebur ko faifan katako ya fi. Kada a bar ta a mota a rufe, ko kusa da kwanon rufi da tsakar rana. Lokacin hunturu ƙura takan toshe ƙofofin iskar, sai ka ji fanka tana kuka ba hutawa. A rufe ta da ƙyalle in an kashe, a kai wa mai gyara ya share ciki sau ɗaya a shekara. Idan kuka ga madannai sun taso, ko murfi ya ƙi rufuwa daidai, batir ne ya kumbura. A daina caji nan take, kada a huda shi, kada a jefa a wuta, a nisanta shi da yara.

Masu janareta, a bari ya tashi ya daidaita kafin a sa caja, a kuma cire kafin a kashe shi. Da damina, an ji tsawa, a zare komai daga bango.

Yawancinmu ta hannu muke saya. Kafin a biya, a buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport. Za ta fitar da takarda mai nuna ƙarfin batir lokacin da aka ƙera shi da ƙarfin da ya rage yanzu. In na biyun bai kai rabin na farkon ba, ku sa kuɗin sabon batir cikin ciniki.

Sabunta babbar manhaja

Babbar manhaja ita ce sarkin gida, ita ke tafiyar da sauran duka. A yawancin kwamfutocinmu Windows ce. Kamfanin Microsoft yakan fitar da gyare-gyaren tsaro ranar Talata ta biyu a kowane wata. Mun sha ganin 'yan'uwa sun hana sabuntawa gaba ɗaya don tsoron cin data, kuma mun gane dalilinsu. Amma a watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da yawa tana neman kuɗin fansa, har asibitoci a Ingila suka mai da marasa lafiya gida. Maganinta ya fito tun watan Maris na wannan shekara. Waɗanda ba su sabunta ba su ne suka sha wuya.

To, yaya za mu yi? Mu ne za mu zaɓi ranar, ba kwamfuta ba. A saitin intanet akwai wurin da ake nuna mata cewa layin nan na awo ne, Metered connection, sai ta rage jan manyan kaya da kanta. Ana kuma iya dakatar da sabuntawa har mako biyar. A tsai da rana ɗaya a wata, in za a shiga gari inda akwai wuta da layi mai ƙarfi, a yi ta a natse. Batir ya zama a cike, caja a jone. In allo ya nuna kada a kashe, to kada a kashe, ko da ta tsaya a lamba ɗaya rabin awa. Kada a rufe murfi. Kada a fara in mai janareta zai tashi nan da minti ashirin, kada kuma a fara daren jajibirin wani aiki. Kwamfutoci da dama da aka kawo mana sun ƙi tashi, da muka bincika, gajen haƙuri ne ya sa aka danne maɓalli ana tsakar sabuntawa.

Akwai wata sabuntawa da ta fi haɗari, ta BIOS, ƙaramar manhajar da ke tayar da na'ura tun kafin Windows ta farka. In wuta ta yanke a tsakiyarta, kwamfuta tana iya ƙin kunnuwa sam, sai ƙwararren mai gyara. Wannan a bar wa wanda ya sani.

Dattawa su lura da wannan, domin ya shafi kasafin kuɗi. Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, ya kuma daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar ba za ta mutu don haka ba, za ta ci gaba da aiki, amma ta zama kamar danga da aka daina toshe wa ɓaraka. Windows 11, wadda ta fito a 2021, ba kowace tsohuwar kwamfuta take karɓa ba. Wadda ta ƙi, kada a yar. Ana iya sa mata Linux Mint ko Ubuntu, kyauta ne, tare da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel. Akwai ɗan wuyar sabo a makon farko. Ko kuwa a ware ta don lissafi kawai, a hana ta shiga intanet. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne manhajar sata da wasu masu gyara suke ɗorawa da araha. Ba ta dace da kayan ikilisiya ba, kuma sau da yawa da cuta take zuwa.

Cutar da ta fi kama mu ma ba ta intanet take shigowa ba, ta filas ce. An kai filas shagon buga takardu, an dawo, sai a ga fayiloli sun ɓace ko sun koma gajerun alamu marasa buɗuwa. Windows tana da mai gadinta a ciki, Microsoft Defender, amma shi ma sai ana sabunta shi yake gane sababbin ɓarayi. A sayi filas biyu. Ɗaya na zuwa shago, ɗaya na ajiya wanda ba ya shiga kowace na'ura sai ta ikilisiya. Kowace Lahadi bayan sujada, sakatare ya kwafe lissafi a na ajiyan ya miƙa wa ma'aji, ya kwana a wani gida dabam da inda kwamfuta take. A sa wa kwamfutar kalmar sirri, domin bai kamata kowa ya karanta wanda ake bi bashi ko wanda ya nemi taimako ba. Mutum biyu su san kalmar, kada mutum ɗaya ya yi tafiya da ita.

Littafin rajista kuwa kada a ajiye shi a ce an ci gaba. Tun daga ranar nan ta gindin mangwaro, ba ma fita rabon kaya sai an buga sunaye a takarda kwana biyu kafin ranar, kwafi ɗaya a jakar sakatare, ɗaya a hannun shugabar zumuntar mata.